Abin da na fito da shi daga lab ɗin Farfesa

Na kammala digiri na biyu a kemistiri, kuma tunda ƙannenmu masu shirin shiga ƙungiyoyin bincike a nan Katsina suna ta tambayata yadda zamana a lab ya kasance, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan kama sunan jami'a ko na malami ba. Waɗanda muka yi zaman lab tare sun san zancen.

Aikin da aka ba ni shi ne in yi gawayi da bagaruwa, wannan dai da majema ke jima da ita, in ga ko zai tsotse dalma daga ruwa. Na karɓa da murna, don duk wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba aikin banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a kowace lita ta ruwan sha. Ana jiƙa garin bagaruwar da asid ɗin fosforik, a ƙona a murhun lantarki, a wanke har tsamin ya fita, a zuba cikin ruwa mai dalma a girgiza, a tace, sannan a auna abin da ya rage da na'urar AAS, mai auna yawan ƙarfe a cikin ruwa.

A kan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙaramar lamba tsami ne, babba kuma kanwa-kanwa), rigimar ta tashi. A pH 5 gawayin ya yi aiki daidai gwargwado. A pH 8 kuwa kusan duk dalmar ta ɓace. Farfesa na ganin lambar ya washe baki, ya ce wannan za a buga a mujalla. Alhali da zarar pH ya haura 6, dalma kan fara haɗuwa da haidiroksaid ta zama farin gari ta kwanta da kanta, takardar tacewa ta riƙe ta, da gawayi ko babu. Sai na maimaita gwajin ba gawayi a ciki. Sakamakon kusan ɗaya ne.

Ofis na same shi, shi kaɗai, na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin kamar ba gawayin ne ya yi wannan aikin ba," na miƙa masa littafina. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, ni za ka koya wa kemistiri?"

Daga ranar komai ya canja. Babin da a da yake dubawa cikin mako ya koma kwana watanni a kan tebur. Takardar izinin kai samfur aunawa sai na yi ta sintiri kafin a sa hannu. Ana cikin haka yajin aikin ASUU na 2022 ya faɗo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur lab a kulle. Da muka dawo na tarar an aika maƙalar da alƙaluman pH 8, sunana kuma can ƙarshe, bayan na wasu mutane da ban taɓa ganin su da rigar lab ba. Ni na daka bagaruwar, ni na sayi asid ɗin da kuɗin aljihuna, ni na yi gadin murhu ina addu'ar kada a ɗauke wuta.

Kundina dai na ƙi canja shi, da alƙaluman pH 5 ya tafi. Ranar kare shi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a bai tambayi komai da farko ba sai gwajin da babu gawayi. Na buɗe masa shafin. Ya gyaɗa kai ya wuce. Farfesa yana zaune a wurin.

Sauran shawarwarina kuma ƙanana ne. Kafin ka zaɓi mai duba aikinka, ka nemi ɗalibansa da suka riga suka fita, don wanda ke hannunsa har yanzu ba zai faɗa maka gaskiya ba. Ka tambaya ko ƙungiyar na da tallafin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, in babu ka san kai ne za ka sayi sinadarai. A yi maganar jerin sunaye a maƙala tun ba a fara gwaji ba, ko da za a ce maka marar kunya. Ka rubuta komai da biro, da kwanan wata. Ka girmama mai kula da lab, shi ya san wace na'ura ce ke da rai.

Maƙalar tana nan a intanet, ban sa ta cikin takardun neman aikina ba. Na ji an ba wata sabuwar ɗaliba irin aikin da ɓawon gyaɗa, na sa an tura mata hoton wancan shafin ta WhatsApp.