Kafin ka sayi motar da ake naɗe rufinta, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta

A ƙarshen 2016, ana saura 'yan makonni a hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, na sayi buɗaɗɗiyar mota, irin wadda ake naɗe rufinta ya kwanta a baya. 'Yar Kwatano ce, ta ratso Nijar ta shigo ta Illela. Ƙofa biyu, kujera huɗu, ja wur. Dillalin ya zagaya da ni sau biyu a kan lafiyayyiyar kwalta, na ji rugugin inji, na ga yara suna nuna mu da yatsa, shi ke nan na biya. Ban hau gargada da ita ba, ban leƙa cikinta ta ƙasa ba. Ku ƙannena da kuke turo mini hotunan irin waɗannan motoci kuna tambaya ko ku saya, da ku nake.

Kwana uku da sayenta na kama hanyar Kware zuwa Gwadabawa. Duk inda taya ta faɗa ɗan rami, sai in ji abin da ban taɓa ji a wata mota ba. Bayan an wuce ramin, motar ba ta daina motsi. Sitiyari ya yi ta kakkarwa a hannuna, madubin tsakiya ya yi ta rawa har motar da ke bayana ta koma biyu, firam ɗin gilashin gaba kuma ina kallonsa yana kaɗawa hagu da dama. Kai ka ce gaban motar da bayanta ba sa ga maciji da juna.

Ga dalilin, wanda sai da na yi asara na gane shi. Ka samu kwalin taliya da aka liƙe bakinsa, ka riƙe gefe biyu ka murɗa: zai ƙi. Yanke saman ka sake murɗawa, za ka ga ya bi hannunka kamar tsumma. Rufin mota ba inuwa kawai yake bayarwa ba, shi da ginshiƙansa ne suke ɗaure gaba da baya su zama akwati guda. In an cire shi, duk wahalar ta koma kan daɓen motar da dokin ƙofa na kowane gefe. Injiniyoyi har awo suke yi wa wannan, su ga ƙarfin da ake buƙata kafin gangar mota ta murɗe da digiri ɗaya. Shi ya sa kamfanoni suke ƙara kaurin dokin ƙofa, su ƙarfafa firam ɗin gilashi, su gicciya ƙarafa a ƙarƙashi. Abin da zai ba ka mamaki, sau da yawa motar da ba ta da rufin ƙarfe ta fi 'yar uwarta mai rufi nauyi, saboda waɗannan ƙarafan da injin naɗe rufin.

Ni ban san wannan ba. Abokai a majalisa suka ce ai motar gudu ce, laushi ya yi mata yawa, sai an taurara ta. Na ɗauka. Na cire rim 16 na sa 18 mai walƙiya, na sayi shokazoba masu tauri, wani yaro a gareji ya yanke mini sifirin don ta ɗan duƙa. A hoto kam ta yi kyau. A hanya kuwa, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Ku duba lissafin taya kawai. Wadda na cire 205/55 ce, tsayin gefenta ya kai milimita 113. Wadda na sa 225/40 ce, milimita 90. Wannan robar da iskar da ke cikinta su ne katifa ta farko tsakaninka da hanya, ni kuma na biya kuɗi aka rage mini ita. Sai batun sifirin, wanda shi ne babban kuskuren. Sifirin da shokazoba suna aiki ne idan abin da suka jingina da shi ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Rami ya bugi taya, sifirin ya lotsa, shokazoba ta shanye motsin, ganga ba ta ko gezau ba. To in ka taurara sifirin a kan ganga mai rauni, bugun zai wuce shi ya tafi inda ya fi sauƙi, gangar ce za ta lanƙwasa. Ita kuma ganga ba ta da shokazoba, sai ta yi ta rawa har ta gaji don kanta. Taurin ganga daban, taurin ƙafa daban. Na farkon ne yake ba mai ƙera mota damar sassauta na biyun, ta yi daɗin zama kuma ta kama kwana. Ni na nemi in maye gurbin na farko da na biyu.

Cikin wata huɗu rim biyu suka lanƙwashe, dashbod ya fara kukan ƙyaure, ƙofar direba ta koma sai an ɗaga ta kafin ta rufu.

Wani dattijon bakanike ne ya warware mini. Ya sa na hau da motar kan ramin garejinsa, ya sauka da tocila a baki, ya jima bai ce komai ba. Can ya kira ni. “Yaro, taho ka gani da idonka.” Na sauka da farar shaddata. Ya haska wasu ramukan ƙusa guda huɗu, biyu kowane gefe, babu komai a cikinsu sai jar ƙasa, ga kuma shatin wani dogon abu da ya taɓa kwanciya a wurin. “Ina ƙarhen da ke nan? Wagga mota an zare mata haƙarƙari.” Ashe wani ne can baya ya kwance ƙarfen gicciyen don ya gyara salansa, ya ga mota na tafiya ba shi, ya jefar. Na ce, “Baba, to a samo ƙarfen gini a yi mata walda mana.” Ya dube ni ya yi dariya, ya ce wutar walda tana kashe ƙarfin irin wannan ƙarfen, kuma in aka yi haɗari ba wanda ya san ta inda motar za ta naɗe. Sai dai a nemo nata na asali a ɗaure da ƙusa.

Daga nan ya nuna mini gwajin da har yau nake yi wa kowace mota. Ya sa jak a kusurwa ɗaya ta baya ya ɗaga har taya ta bar ƙasa, ya ce in buɗe ƙofa. Ta cije. Da na fizgo ta kuma ta ƙi komawa mazauninta. Ya sauke jak, ta rufu lafiya lau.

Ba duk buɗaɗɗun motoci ne ɗaya ba, kuma nan ya kamata ku fara tambaya. Akwai wadda tun daga takarda aka zana ta ba rufi, irin su Mazda MX-5 da ta fito a 1989, ko Honda S2000 ta 1999 wadda aka yi wa ƙashin baya mai siffar X yana bi ta tsakiyarta. Kujera biyu ne, gajeru ne, buɗaɗɗen wurin bai da tsawo. Akwai kuma wadda asalinta motar iyali ce mai rufi, daga baya aka fitar da samfurin da ba rufi aka yi ta toshe ɓaraka da ƙarin ƙarfe. Tawa irin ta biyun ce, kuma tsawon kujera huɗu ya sa abin ya fi fitowa. Masu rufin ƙarfe mai naɗewa, kamar Mercedes SLK ta 1996 ko Peugeot 206 CC ta 2000, sun fi tamfol tare ƙura da ƙara, amma rufin da aka maƙala da ƙugiya ba zai yi aikin wanda aka haɗa da ganga tun a masana'anta ba.

In za ku gwada, kada ku bari dillali ya zaɓa muku hanya. Ku shiga lungun unguwa bayan damina ta gama cinye shi, rufi a buɗe, a gudun da bai wuce 40 ba. Wani ya tuƙa, kai ka ɗora yatsa a tsagar da ke tsakanin ƙofa da dashbod. In tsagar tana cizon yatsanka tana saki, ka ji amsarka. Ka ƙwanƙwasa dokin ƙofa daga ƙasa, domin motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara ta nan tsatsa take fara cin su, kuma a wannan motar dokin ƙofar shi ne komai. Wadda ta taɓa mummunan haɗari aka miƙe ta, ko kyauta ce ka yi tunani.

Iskar taya ma kada ka bar wa mai faci. Nawa ya saba ɗura 45, alhali takardar da ke jikin ƙofa ta ce 32. Ka auna da safe kafin kwalta ta yi zafi. Zancen rana kuwa ba sai na faɗa wa ɗan Sakkwato ba: a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba mai buɗe rufi sai bayan magariba, da hunturu kuma ka iso gida gira fari fat.

Ƙarfen gicciyen sai da na jira wata biyu aka samo shi a Legas, jikin wata da aka yanka. Na mayar da rim 16, na sayi sifirin na asali, na rage iska. Rawar ba ta tafi duka ba, don haka aka haife ta, amma madubi ya daina raba mota biyu, kuma mahaifiyata ta yarda ta sake shiga bayan ta rantse ba za ta ƙara ba. Rim 18 ɗin suna nan jingine a zaure, biyu a lanƙwashe. Ƙanena ya roƙe ni su sau uku zai sa wa tasa, na ce ya fara kawo ta mu hau ramin Baba tukuna.