Akwatin Kan Mota da Albasar Galmi

Shekaranjiya muka dawo daga Tawa, har yanzu in na buɗe jakata warin albasa ne ke fara yi mini sannu da zuwa.

Motar ta yayana ce. A Yamai yake aiki, can ya saye ta hannun wani Bature da ya gama kwangila zai koma gida. Irin mai ɗaki ce a ciki, wadda Faransawa ke kira kampin-kar: gado, murhun gas, ɗan firji, da makewayi da bai kai faɗin tabarmar salla ba. Kanta Fiat Ducato ne. Ranar da ya shigo da ita Maradi yaran unguwa suka bi ta har ƙofar gida, wasu na cewa asibiti ce, wasu na cewa masu rigakafi ne suka zo. Da bikin ɗiyar ƙanen babanmu ya taso a Tawa, Yaya ya ce da ita za a je: shi da matarsa, ni, sai Gwaggo.

A saman motar akwai wani akwati ruwan toka, kamar an kife kwalekwale. Roba ce mai tauri, an ɗaure ta da kusoshi a kan sanduna biyu na ƙarfe, tana da makulli, sai an bi tsanin da ke bayan mota ake kai mata. Da na ɗaga murfin na ga takarda manne daga ciki: lita 420, kilo 75. Kusa da sitiyari kuma Baturen ya liƙa wata da rubutun hannunsa, 3,40 m, wato tsayin mota har da akwatin, don kada direba ya manta.

Kilo 75! Mu da muka tashi muna ganin yadda ake loda Hiace a tashar Maradi, buhunan gero, babur, awaki biyu a ɗaure, karen mota a zaune bisa ƙololuwa yana cin rake. Buhun gero guda ma kilo 100 ne. Da na karanta wa Gwaggo sai ta riƙe haɓa ta ce, “Yau ga ikon Allah. Mota ce ko ƙwai?” Yaya ya yi mata bayani a natse, cewa rufin irin wannan mota ba ƙarfe ba ne kamar na Hiace, falle biyu ne marasa kauri da soso a tsakani don tare zafi, kuma akwatin an yi shi ne don kaya masu cin wuri amma marasa nauyi. Ita kanta motar, duk da kayanta da mutanenta, bai kamata ta wuce tan 3 da rabi ba, iyakar abin da permin tuƙin da ke hannunsa ya yarje masa ke nan. Gwaggo ta ce ta ji. Sannan ta sa aka miƙo mini turmi.

Turmin dai ya sauko. Muka zuba barguna, tabarmi, gidan sauro da atamfofin amarya, na ja igiyoyin ciki na ɗaure, ina taka rufin da ɗari-ɗari don kada in fasa tagar sama ko allon hasken rana. Ba mu ma fita layinmu ba reshen dogon yaro ya karce murfin, ƙiii, tun daga gaba har baya. Ƴan fada da ke shan shayi a gindin bishiyar suka fashe da dariya. Daga nan aikina ya zama leƙa sama: ga waya, Yaya! Ga reshe!

Tibiri da Gidan Rumji babu labari. A wani shinge da ba zan faɗi wurinsa ba muka gamu da wani mai kaki wanda ko sallamarmu bai amsa ba. Takardu sun cika, sai ya ɗaga kai ya nuna akwatin da baki: mene ne a ciki? Muka ce kayan biki. Ya ce sai ya gani, amma shi ba zai hau tsani ba. Ni na hau na riƙa jefo masa bargo ɗai-ɗai cikin rana, yana taɓawa da ƙafa. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, “Ɗana, in gidan sauron kake so ka faɗa.” Bai yi dariya ba, amma abokin aikinsa ya juya baya kafaɗunsa na rawa, aka sassauta igiya.

Galmi ce ta ja mana. Duk wanda ya bi hanyar nan bayan Madawa ya san yadda albasa take tsibi-tsibi a bakin gudron, jar nan mai ɗaukar ido da ake loda wa manyan motoci zuwa Gana da Kodibuwa. Mu a Maradi ƴan ƙulli ake sayar mana kamar magani, nan kuwa sai ka rantse ƙasa ce ke amayo ta. Yaya ya tafi masallaci azahar ya bar mini makullai. Gwaggo ta sauka ta shiga ciniki. Mai albasa ya ce buhu jika 25, ta ce albarka, ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta, ta tambaye shi ko shi ɗan wane gida ne, suka gano wata tsohuwa da suka sani su biyu, aka tsaya a jika 17 har da gyara. Ban taɓa ganin ciniki mai daɗin kallo irin wannan ba, kuma mutanen Galmi sun fi ƴan kasuwarmu haƙuri nesa ba kusa ba.

Buhun ya ƙi shiga akwati. Gwaggo ta ce a zazzage. Ni kuwa, maimakon in ce a'a, na hau na karɓi kwano bayan kwano ina juyewa bisa atamfofi. Da ƙyar murfin ya rufu, sai da na zauna a kansa.

Mun wuce Malbaza kaɗan wata tirelar siminti ta gifta mu, iskarta ta haɗu da ta ƙarshen hunturu, sai motar ta yi wani irin layi kamar raƙumi zai durƙusa. Daga sama muka ji gurum-gurum, albasa ta gangara gefe guda gaba ɗaya. Matar Yaya ta kama salati. Kowace kwana sai nauyin ya koma ɗaya gefen, motar ta bi shi. Yaya ya sauka gefen hanya, ya hau tsani, ya daɗe bai ce komai ba. Kusa ɗaya ta kwance, gindin akwatin ya tsage wajen taki guda. Da ya sauko ni ya duba, bai dubi Gwaggo ba, don ba a yi wa Gwaggo faɗa.

Wani dattijo da gonarsa ke bakin hanya shi ya fid da mu. Ya aiko da furar gero da nono mai sanyi cikin ƙwarya, ya sa jikokinsa suka kawo tsofaffin buhuna, suka jeru ina miƙo albasa suna ɗurawa. Shi da kansa ya kwance wata waya daga amalankensa, muka ɗaure tsagar da ita, Yaya ya ƙara matse sauran kusoshin. Da aka ba shi kuɗi ya ɓata rai, ya ce, “Baƙon hanya ake saya wa fura?” Albasar ma da Gwaggo ta ɗibar masa ya ƙi, ya nuna mana rudunsa cike da ita. Buhunan a ƙasan mota suka kwanta, tsakanin ƙafafu, kuma nan take layin ya ɓace.

A Tsarnawa muka karya dama zuwa Tawa. Ramuka, ƙura, gazwal na tafiya kamar ana zuƙa da bututu. An yi biki lafiya, sai dai atamfofin da suka yini da albasa cikin roba mai zafi kwana biyu suna shanye a igiya, dangin ango na tambaya ko amarya ƴar Galmi ce.

A dawowa barguna kawai muka sa a sama. Gwaggo har yau cewa take akwatin ne ba shi da ƙwari, kuma ta riga ta gaya wa Yaya in ya tashi sauke shi ya ba ta, za ta zuba wa awaki dusa.