Lab ɗin asibiti daban, wanda na karanta daban

Har yanzu idan na je gida akwai dattawan da ke tare ni da takardar gwajin jini a hannu, su ce, "Likita, duba mana wannan." Nakan karɓa da hannu biyu, in ce su koma wurin wanda ya rubuta musu. Amma duk lokacin da aka kira ni da sunan nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, domin saboda shi mahaifina ya rabu da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, kuma ban kawo masa abin da ya saya ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Auyo. Na gama sakandare a 2015, ɓangaren kimiyya, makin JAMB ɗina bai kai na likitanci ba. Ranar da na je sauya kwas, wani da ya girme mu, wanda muke ganin ya san kan boko, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, cike SLT kawai. Ai lab ne. Kana gamawa asibiti za ka faɗa, ga farar riga." SLT ɗin nan kwas ne na fasahar aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ban tambayi kowa ba bayan shi. Na koma gida na ce wa Baba zan karanta aikin gwajin jini. Ya yi hamdala, ranar kasuwa ta zagayo aka kora sa ɗaya aka sayar.

Shekara biyun ƙaramar difloma ba ni da abin cewa a kansu, na yi karatu kuma na ji daɗinsa. Har yau ina tuna ranar da na fara sakin ruwan magani ɗigo-ɗigo daga bututun gilashi, ina juya kwalba da ɗaya hannun, ruwan da yake garau ya koma ruwan hoda a ɗigo guda. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a duk shekara biyun nan ba wanda ya koya mana ɗibar jini daga hannun mutum. Muna auna ƙasa, muna auna ruwa, muna shuka ƙwayoyin cuta a faranti, muna koyon kula da kayan aiki har da gyaran gilashi. Ni kuwa ina cewa a raina na asibitin yana gaba.

Da lokacin shekarar sanin makamar aiki ya zo, wadda ake yi kafin komawa babbar difloma, na yi ta faɗi-tashi har na samu wani asibiti ya karɓe ni. Wata uku ina wanke gilasai, ina rubuta sunaye a rajista, ina leƙa madubi idan an bar ni in ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da aka rina. Wata rana da rana ta yi, marasa lafiya sun ragu, na tambayi shugabar ɗakin yadda zan yi in samu lasisi idan na gama. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

"Ɗana, me ka ce kana karantawa?"

Na ce, "SLT, Hajiya."

Ta yi shiru, sannan ta ja min kujera. Ta ce aikin da suke yi a ɗakin nan wata hukuma ce ta ƙasa, MLSCN, ke ba da lasisinsa bisa dokar 2003. Masanin gwaje-gwajen asibiti digiri yake yi na shekara biyar a jami'a, irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero, ya ƙara shekara guda ta horo a asibiti. Akwai kuma mataimakansu da ke fitowa daga kwalejojin koyon aikin lafiya, su ma hukumar ce ke yi musu rajista. Mu 'yan SLT tamu cibiyar daban ce, NISLT, tana Ibadan, kuma wuraren aikinmu su ne ɗakunan gwaji na makarantu, cibiyoyin bincike da masana'antu. Takardata, ko na kai ta babbar difloma da sakamako mafi kyau, ba za ta ba ni damar sa hannu a sakamakon gwajin majinyaci ba.

Kalma ɗaya ce ta haɗa kwasa-kwasan biyu, ita ce lab, kuma a kanta na ɗora shekara biyu da rabi da san Baba. Abin da ya fi ƙona min rai, tambayar da na yi wa Hajiya ba ta ɗauki minti biyar ba. Asibiti yana nan kusa da mu tun ina yaro. Da na shiga na yi sallama na tambaya kafin in taɓa fom, da an faɗa min kyauta.

Na kwana uku ban iya faɗa wa Baba ba. Da na faɗa, bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "To, wanda ka karanta ɗin, ba a cin abinci da shi ne?" Ban da amsa a lokacin.

Hanya biyu ce a gabana: in sake zana JAMB in faro daga aji ɗaya, shekara biyar, ga ƙanne huɗu a bayana, ko in ƙarasa abin da na fara. Na ƙarasa. Na bar asibitin, na cike ragowar watannin a wani kamfanin ruwan leda, inda na fara ganin ilimina yana aiki a hannuna: in ɗebi ruwa, in duba ma'aunin tsaminsa bai fita tsakanin 6.5 da 8.5 ba, in shuka shi a faranti in jira in ga ko wani abu zai tsiro, domin idan jami'an NAFDAC suka zo littafina za su fara buɗewa. Na koma babbar difloma ɓangaren sinadarai, korona ta ci mana kusan shekara, na yi hidimar ƙasa.

Yanzu ina sashen duba inganci a wani kamfanin casar shinkafa. Mota ta shigo da shanshera, ni ne mai soka buhu in ɗebo samfuri daga sama da tsakiya da ƙasa, in zuba a na'urar auna danshi. Shinkafa daga gona takan zo da danshi sama da kashi 20 cikin ɗari, alhali ana so ta sauko wajen 14 kafin a ajiye ta ko a kai ta inji. Idan da laima aka jibge ta sai ta yi zafi, ta yi fumfuna, ƙwayar ta koma rawaya. Idan kuma an shanya ta a rana mai tsanani ta bushe ƙayau, sannan raɓa ta sake taɓa ta, ƙwayar na tsagewa a cikin ƙaiƙayi, tana shiga inji ta kakkarye. Manoman yankinmu na asarar kuɗi a nan ba tare da sun san dalili ba, sai dai su ga an rage musu farashi su ce an zalunce su. Wani lokacin an zalunce su ɗin, amma sau da yawa wurin shanya aka yi ɓarnar.

Bara da kaka na ari na'urar na kai gida. Baba ya ɗebi shinkafarsa daga shanya, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya gatsa, ya ce saura yini guda. Na auna, ta nuna 16 da ɗoriya. Washegari da la'asar muka sake, ta sauko 14. Ya yi dariya ya kira maƙwabta su zo su ga abin da ɗansa ke yi da shi. A ranar ne na ji nauyin ya ɗan sauka daga kaina.

Amma ba zan ce ciwon ya warke ba. Ina son aikina, sai dai ba zaɓarsa na yi ba, faɗawa cikinsa na yi, kuma wasu da muka yi aji ɗaya, da irin labarin da aka ba ni aka kawo su, suna nan suna raɓe a ƙananan wuraren gwaji ba lasisi, kullum gabansu na faɗuwa. Shi ya sa da ƙanwata ta zo min da zancen fom bana, ban bar ta ta faɗi sunan makaranta ba sai da na ce, "Wane aiki kike so? Wace hukuma ke ba da lasisinsa? Makarantar tana da amincewar hukumar a kan wannan kwas ɗin?" Haka abin yake ga injiniya da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, haka ga duk kwas ɗin foliteknik da amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha. Na ɗauke ta a babur na kai ta wurin Hajiya, suka yi kusan awa guda suna magana, ni ina waje a kan benci.

Kuɗin san kuwa ina tarawa a adashi. Kwasata tana zuwa kafin damina, na riga na yi wa wani dillali magana a Maigatari.