Talata: haki da gudan jini a huhu

Zagayen safe ya daɗe a gadon wata mata da ba ta iya hawa matakala biyu sai ta tsaya tana haki. An ba ta maganin tibi wata shida a wani wuri, ba sauƙi. Tarihinta ne ya nuna hanya: ta yi ɓari sau uku, bara kuma ƙafarta ɗaya ta kumbura aka ce sanyi ne.

Zargi ya faɗa kan cutar antifosfolifid, inda garkuwar jiki ke juyowa ta sa jini daskarewa cikin jijiya. Gudan ya ɓalle daga ƙafa ya toshe jijiyoyin huhu. In bai narke ba sai ya zama tabo, hawan jini ya kama huhun, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. Hoton zuciyarta ya nuna ɓangaren daman ya buɗe fiye da kima. Don tabbatar da cutar, abubuwa uku ake nema a jini, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita bayan mako 12.

Magani wafarin ne, mai hana jini daskarewa, a riƙe INR, wato ma'aunin saurin daskarewar jini, tsakanin 2 da 3. Ɗalibai sun so a ba ta ribaroksaban don ba ya buƙatar yawan gwaji. A'a. Wanda aka samu abubuwan nan uku duka a jininsa ya fi samun sabon toshewa da shi. Matsalar wafarin a nan ita ce rifamfisin na maganin tibi yana karya ƙarfinsa, haka ma yawan zogale da alayyahu in aka ci yau aka bari gobe. Na ce mata, "Baiwar Allah, ba hana ki miya muka yi ba, ki dai daidaita cin." In ta samu ciki kuwa, a koma allurar hefarin da ƙaramin asfirin.

Da rana muka tattauna tiyata. A asibitin Fafwot na Ingila ana sanyaya jiki zuwa wajen digiri 20, a tsayar da gudun jini na kusan minti 20, a ɓare tabon daga cikin jijiya. Dashen huhu sai an rasa yadda za a yi, domin da an janye magani don aiki, jini kan daskare a sabon sashen, wani lokaci a gaɓoɓi da yawa lokaci guda. Cutar kuma tana ruɗa aPTT, gwajin da aka saba auna aikin hefarin da shi, sai a auna shi da wani gwajin, anti-Xa.

Gobe za a sake duba INR ɗinta kafin sallama.