Daga Tulle zuwa Ussel, mazaɓar da ta raini shugabannin Faransa biyu

Jirgin ƙasan da ya ɗauke ni daga tashar Austerlitz ta birnin Paris ya nausa kudu, ya ratsa Limoges, ya sauke ni a Brive-la-Gaillarde bayan tafiyar sa'o'i huɗu da 'yan kai, daga nan wani ƙaramin jirgi ya bi gefen kogin Corrèze da ni har Tulle. Abin da ya kawo ni wannan lungu na tsakiyar Faransa shi ne mazaɓa ta ɗaya ta gundumar Corrèze, guda cikin mazaɓu 577 da ke aika wakilai majalisar dokokin ƙasar. Mu mutanen Sahel mun san François Hollande ne ta sojojin da ya tura Mali a 2013 da rundunar Barkhane da ta biyo baya, saboda haka da na ji tsohon shugaban ƙasa ya sauko neman kujerar ɗan majalisa a 2024, kuma ya samu, sai na ƙudura in ga waɗanda suka ba shi ƙuri'a da idona.

Tulle gari ne siriri da ya miƙe a cikin kwari, duwatsu sun matse shi ta kowane gefe, mutanensa ba su kai dubu 15 ba. Unguwar da ke kusa da tashar jirgi, Souilhac, ita ce inda sojojin Nazi na rundunar Das Reich suka rataye mutum 99 a barandun gidaje da turakun fitilun titi ranar 9 ga Yuni 1944. Na bi titin a ƙafa ina ɗaga kai ina duban barandun ƙarfen, mutane na zaune a gidajen har yau, wata ma ta shanya kaya. Wanda bai san wannan ba, bai kuma san tsohuwar masana'antar bindigogi da ta ciyar da garin shekara da shekaru ba, ba zai gane dalilin da ya sa 'yan gurguzu da 'yan kwaminis suka daɗe da gindin zama a nan ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwar da ke ci a gindin babban cocin garin, a dandalin da Hollande ya yi jawabin nasara daren 6 ga Mayu 2012. Wani dattijo mai sayar da cuku, da ya ji abin da nake nema, ya ajiye wuƙarsa ya shiga lissafa mini zaɓuɓɓuka da yatsu. Hollande haifaffen Rouen ne, jam'iyyarsa ta 'yan gurguzu ce ta turo shi Corrèze a 1981 yana ɗan shekara 26, ya kara da Jacques Chirac, wanda shi ma daga baya ya zama shugaban ƙasa, a mazaɓar Ussel, ya sha kaye tun a zagayen farko. Maimakon ya tattara ya koma Paris, sai ya zauna, ya karkata zuwa mazaɓar Tulle, ya lashe ta a 1988. A 1993, shekarar da jam'iyyarsa ta kwashi kashinta a hannu a faɗin ƙasar, Raymond-Max Aubert ya kayar da shi, amma ya ƙwato kujerar a 1997, ya riƙe ta har ya shiga fadar shugaban ƙasa ta Élysée, a tsakani kuma ya yi magajin garin Tulle daga 2001 zuwa 2008. Dattijon ya ce shi bai taɓa zaɓen jam'iyya ba, wanda yake gani a kasuwa da wurin jana'iza yake zaɓa.

Daga Tulle na hau mota na haura arewa maso gabas, ta cikin dazuzzuka da makiyayar jajayen shanun Limousin, zuwa ƙauyen Sarran, inda gidan adana kyaututtukan da Chirac ya samu a zamanin mulkinsa, daga 1995 zuwa 2007, yake tsaye a tsakiyar karkara. A nan ne a 2011 Chirac ya ce Hollande zai zaɓa a zaɓen shugaban ƙasa, daga baya aka ce raha ce irin ta mutanen Corrèze. Labarin Chirac da wannan yanki ya soma ne a 1967, lokacin da firaminista Georges Pompidou ya tura matasan yaransa su ƙwace kujerun 'yan adawa. Chirac, mai shekara 34, ya doke ɗan kwaminis Georges Émon da ƙuri'u 'yan ɗaruruwa kacal a zagaye na biyu, kuma daga ranar ba a sake kayar da shi a Ussel ba har ya zama shugaban ƙasa, ko da yake tun 1977 shi ne kuma magajin garin Paris. Sirrinsa bai wuce abin da Bahaushe ke cewa zumunta a ƙafa take ba: gona-gona yake bi, yana shafa shanu, yana samo wa ƙauyuka hanya da aikin yi. A ganina Hollande darasin abokin hamayyarsa ya haddace, kuma wannan hali yana da kyau da muni, domin yana kusanto da wakili ga talaka, yana kuma mayar da haƙƙin jama'a tamkar alfarmar mutum ɗaya.

Ussel na tarar da sanyi da tituna shiru. Mazaɓarta ta uku babu ita yanzu, domin gyaran iyakokin 2010 ya rage kujerun Corrèze daga uku zuwa biyu, aka haɗa ƙasar Chirac da ta Hollande a mazaɓa guda. Tun daga nan kujerar ba ta zauna a hannu ɗaya ba. Sophie Dessus, magajiyar garin Uzerche, ta ci a 2012, ta rasu a 2016, mataimakinta ya ƙarasa wa'adin. A 2017 Christophe Jerretie na jam'iyyar Emmanuel Macron ya karɓa, a 2022 kuma Francis Dubois na masu ra'ayin riƙau.

A wani gidan shan kofi na zauna da wani makiyayi, wanda bai ɓoye mini cewa jam'iyyar Marine Le Pen ya zaɓa ba, ko da yake mahaifinsa ɗan Chirac ne na a-mutu. Kukansa shi ne likitocin da suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, da kuɗin man tarakta, da yaran da suka tafi birni ba su dawo ba. Ban yarda da maganin da ya zaɓa ba, musamman ni baƙo da jam'iyyar take ƙyama, amma ciwon nasa na gaske ne. Macron ya rusa majalisa ranar 9 ga Yuni 2024, shekara 80 cif bayan rataye mutanen Tulle, kuma a dokar Faransa duk wanda ya samu kashi 12.5 cikin ɗari na masu rajista yana iya tsayawa a zagaye na biyu. Mutum uku suka tsallake, Dubois ya ƙi janyewa, ranar 7 ga Yuli Hollande ya ci da kimanin kashi 43, 'yar takarar Le Pen, Maïtey Pouget, ta zo ta biyu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shekaru fiye da 40 na gaisuwa a kasuwa sun maido masa da kujerarsa, amma fiye da rabin masu kaɗa ƙuri'a a mazaɓar wani suka zaɓa.