Na raka ƙanwata Bilma

Shekaranjiya na shigo Maradi, har yanzu jikina ciwo yake. Ƙanwata na raka Bilma, mijinta mushen lekol ne, wato malamin makaranta, bara aka tura shi can, sai bana ya samu ɗaki ya aiko a kawo mishi iyali. Tsohuwa ta ce ba mai kai ta sai ni.

Maradi zuwa Damagaram zuwa Agadas ba wani labari, bas ne da barci. A Agadas muka zauna jiran ranar da ayarin motocin Dirku, garin da ke kusa da Bilma, ke tashi da rakiyar sojoji, in ka rasa shi sai wani mako. Ciniki ya ɓaci tun a tasha, mai kamiyo ya dubi gadon amarya da kabad ya faɗi kuɗin ɗauka, wallahi kusan kuɗin da aka saye su ne a kasuwar Maradi. Na yi magiya na yi rantsuwa, ya rage abin da bai kai ya kawo ba. Nan muka saida gadon da kabad ɗin a wulaƙance, yarinya na kuka tana cewa Yaya me zan ce ma Inna. Katifa da kwanoni da buhun gero kawai suka hau, mu kuma muka hau bisa kaya, bidon ruwanmu na rataye a gefe an ɗinke shi cikin buhu.

A shingen fita gari wani mai kaki ya karɓi takarduna, yana ganin Maradi sai ya ce Libiya za ku, ku faɗi gaskiya. Na ce ranka ya daɗe wa ke tahiya Libiya da turmi da taɓarya? Bai yi dariya ba. Ya tsaida mu cikin rana yana jujjuya takardar aure kamar bai iya karatu ba, ko kallon yarinyar da ke tsaye bai yi ba balle ya ce ta zauna. Sai da wani dattijo Batube da ke motarmu ya sauko ya yi mishi magana a hankali sannan ya wurgo mana takardun. Ni ban ga abin da girman kai ke ƙara ma mutum ba a wurin da kowa ƙishirwa ke ci.

Hamadar Tenere kuwa sama da kilomita 600 ne na rairayi, mota ta kafe a sauko a tona a shimfiɗa ƙarafa ƙarƙashin taya a tura, a sake hawa. Sanyin dare ne ya ba ni kashi, hunturun Maradi wasa ne. Daga Dirku muka samu ƙaramar mota, kilomita 45 ko kusa da haka kudu, dutsen Kawar na hannun hagu har muka shiga.

Abin da ban zata ba ruwa. Garin da shekara ke wucewa ba a ga hadari ba, ga ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa, ga gonakin dabino, har da sauro! Gidan da suka kama haya na wata tsohuwa ce Babarbariya, muna sauka ta aiko da faranti cike da dabino, ta kama hannun ƙanwata ta ce ɗiyata kar ki yi kuka, duk matar ma'aikaci da kuka take zuwa. Kafin dare ta sa an kawo gado na zarben dabino, ko dala ba ta karɓa ba. Na ce Iya a bar ni in biya, ta ce in kana son biya ka ba ni tiya guda ta geron nan. Nan na fara gane garin. Gero ba ya fita a Bilma, ayarin Buzaye ne tun kaka da kakanni ke kawo shi bisa raƙuma a lokacin sanyi su musanya da gishiri da dabino, sauran kuma sai abin da kamiyo ya kawo. Tiyar da muke rainawa a gida can sai mai hali, itacen girki tsada, ganye sai an dace. Taliya da tumatirin gwangwani na Libiya su ne cike da shaguna.

Surukina ya kai ni Kalala, ramukan gishiri a bakin gari. Ruwa ne ja a cikin ramuka, rana na ƙafe shi gishiri na taruwa, a kwashe a cuɗa a zuba cikin kututturen dabino da aka fafe, a kife shi ya bushe. Kantun nan ne da makiyaya ke saye ma dabbobi a kasuwanninmu, ni tun ina yaro nake ganin shi ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Can ga shi jere ba mai gadi, da na ji kuɗin guda sai da na ce a maimaita, ashe duk tsadar da muke gani ta hanya ce. Tsofaffin gidajen ma da ƙasa mai gishiri aka gina su, shi ya sa ruwan saman da aka yi a 2006 ya narkar da gidaje da yawa, har yau in aka ga gajimare ba murna ake ba.

Zaman dai sai haƙuri. Komi ana lissafa shi da zuwan mota, albashi, magani, saƙon gida, rezon waya kuma ya zo ya tahi. Amma mutanensu ba su da hayaniya, kuma ba wanda ya taɓa yi min farashin baƙo.

Dawowa bisa kamiyon dabino ne, mun kwana biyu a hanya saboda taya, Agadas, Damagaram, gida. Ƙanwata ta kira jiya, ta ce a aiko da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, Iya kuma a ƙara mata gero. Yanzu ina neman mai zuwa Agadas kafin ayari ya tashi.