Motar dizal da ta ƙi tashi bayan doguwar ajiya

Motar ta shekara biyu a ƙarƙashin rumfa, lulluɓe da tamfol, babu wanda ya murɗa mata makulli ko sau ɗaya. Tsohuwa ce, ƙirar farkon shekarun 1980, mai injin dizal silinda huɗu, irin waɗanda babu kwamfuta a cikinsu balle na'urar da za ta faɗa wa mutum abin da ke damunsu. Ranar da na ƙuduri tayar da ita na riga na san batirinta ya yi sanyi, saboda haka na matso da wata mota kusa, na jona batir da batir kamar yadda aka saba, na murɗa makulli. Ƙara guda kawai na ji daga wajen kik, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, ƙas, fitilun dashbod suka dushe, sai shiru.

Kik ne abin da zuciyata ta fara zargi, kuma da na bi ta da na kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsayar da ni shi ne wayar jonin da na taɓa na ji ta ɗauki ɗumi. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Iska yake matsewa a cikin silinda har ninki ashirin ko fiye, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Celsius, sannan nozul ya feso mai ya kama da kansa. Kafin hakan ta yiwu dole kik ya juya injin da sauri duk da wannan matsi, abin da ke cin wuta mai yawa, amfiya ɗaruruwa, a lokaci guda. Siririyar wayar da za ta tayar da ƙaramar motar fetur ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, wutar za ta ƙare ne a ɗumama wayar kafin ta isa inda ake buƙatarta.

Sai na ɗauko mitar awon wutar lantarki. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6, nawa kuwa bai kai 8 ba. Batirin dalma idan ya daɗe babu caji, gishirin sulfet yana daskarewa a kan farantansa har ya daina riƙe wuta, kuma idan aka jona shi da mai kyau, sai ya zama rami mai shanye abin da aka turo wa kik. Don haka na cire shi gaba ɗaya, na sa cikakken batir a gurbinsa, na ɗaure kawunansa tamau.

Kafin in sake murɗa makulli na yi abin da ya kamata a ce da shi na fara tun farko. Na duba baƙin mai da ruwan lagireto, sannan na sa sifana a kan notin fulin gaba na juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Injin da ya daɗe a tsaye yana iya cijewa saboda tsatsa, ko kuma ruwa ya taru a silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa, idan kik ya fizgi fiston a kansa sandar fiston ce za ta lanƙwashe. Nawa ya juya, da nauyin matsi a inda ya kamata.

Duk da sabon batir, ƙas ɗin nan na sake ji, amma a wannan karon fitilun ba su dushe ba, mita kuma ta tsaya sama da bolt 12. Wannan awon shi ne ya warware mini matsalar. Da batir ne ya gaza, ko injin ne ya cije, da wutar ta faɗi ƙasa da 9.6 a lokacin da kik ke ja. Tunda ba ta motsa ba, ke nan wutar ba ta fita daga batirin ba ma, akwai inda hanya ta toshe. Na ɗora tsinken mita ɗaya a kan baƙin kan batir, ɗayan a jikin injin, na sa aka murɗa makulli. Bambancin bai kamata ya wuce rabin bolt ba, ni kuwa na ga bolt da yawa. Na leƙa ƙasa na tarar da wayar da ta haɗa injin da jikin mota, wadda makanikai ke kira at, ta yi kore shar, wurin ɗaurinta duk tsatsa. Na kwance ta, na goge da burushin ƙarfe har ƙarfen ya yi ƙyalli, na mayar. Kik ya juya da ƙarfi nan take.

Injin dai bai kama ba. A nan salansa ce ke ba da labari, domin farin hayaƙi yana nufin mai na isa silinda amma zafi ne ya gaza, rashin hayaƙi kuwa yana nufin man bai iso ba. Babu hayaƙi ko kaɗan. Ƙananan tiyon roba da ke tsakanin nozul da nozul sun bushe sun tsattsage, iska ta shiga, man ya sulale ya koma tanki. Da na kwance filta na juye ta a kwalba, ruwa ya kwanta a ƙasa tare da wani baƙin yauƙi. Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa a bangonsa, kuma a inda ruwa ya haɗu da dizal ƙwayoyin cuta suna hayayyafa su toshe filta. Ban yarda wannan mai ya shiga famfon injekta, mai tura mai zuwa nozul, ba, domin shi ne abu mafi laushin aiki a injin, ruwa kuma yana cin cikinsa. Na sa sabuwar filta da sababbin tiyo, na jawo mai kai tsaye daga jarka mai tsabta, na sassauta notin fitar da iska, na yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare. Daga nan na ɗan sassauta notocin bututun nozul, na yi ta ba da kik na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ina hutar da shi minti biyu, har mai ya jiƙa kowane noti, na ɗaure. Hannu ba ya kusantar wurin a wannan lokaci, saboda matsin man ya haura 100 a ma'aunin matsi na bar, yana iya huda fata.

Farin hayaƙi ya fara fitowa, injin yana tari yana mutuwa. Saura zafi ke nan, wato aikin hita, ƙananan sandunan da ke yin ja a cikin kan injin kafin a ba da kik. Lafiyayyar hita tana nuna kusan om ɗaya a mita (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta), biyu daga cikin huɗun nawa kuwa a yanke suke. An ba ni shawarar in fesa sinadarin tayar da inji a bakin shan iska, na ƙi, kuma ina roƙon duk mai irin wannan mota ya ƙi, domin sinadarin yana fashewa da zarar ya taɓa hita mai zafi tun fiston bai kai sama ba, kuma ɓarnar da yake yi wa fiston da zobbansa ba ta gyaruwa da sauƙi.

Washegari na canza hitocin huɗu duka, na jira fitilarsu ta mutu, na ba da kik. A karo na biyu ta kama, tana jijjiga tana fitar da farin hayaƙi, bayan 'yan mintoci ƙararta ta daidaita hayaƙin ya washe. Mita ta nuna bolt 14 a kan batir, alamar altaneta na caji. Har yanzu daga jarka take shan mai, kuma ba za ta hau titi ba sai na wanke tankin, na canza baƙin mai, na duba birki da tayoyin da suka shekara biyu a wuri guda.